Air Beetle: Tarihin ƙaramin jirgin saman da aka haɗa a Kaduna

Mutanen Gusau, Tsafe da Bungudu sun saba da rugugin jiragen soja a samaniyarsu, musamman tun 2018 lokacin da Rundunar Sojin Saman Najeriya ta ƙaddamar da farmakin Diran Mikiya a kan ’yan bindigar dazukan Zamfara. Da yawa daga cikin matuƙan rundunar na wannan zamani sun fara koyon tuƙi ne a Kaduna, a cikin wani ɗan ƙaramin jirgi mai kujera biyu da ake kira Air Beetle. An sha kiransa jirgin farko da Najeriya ta ƙera, amma asalinsa jirgi ne na Amurka da ake sayar da sassansa a cikin akwatuna, mai saye ya haɗa da hannunsa.

Jirgin haɗi da hannu

A Amurka da Turai akwai tsohuwar al’ada ta masu sha’awar tashi sama su haɗa jirginsu a gareji ko a bayan gida. Kamfani yakan yi zane, ya yanka sassan, ya aika wa mai saye tare da littafin bayani. Dokar Amurka ta amince a yi wa irin wannan jirgi rajista a rukunin jiragen gwaji, muddin mai shi ne ya yi fiye da rabin aikin. Wannan ya sa farashinsa yake ƙasa da na jirgin da aka kammala a masana’anta.

Mafi ƙanƙanta a wannan dangi su ne jirage marasa nauyi, waɗanda a dokar Amurka kujerarsu ɗaya ce, kuma nauyinsu ba ya wuce kilo 115 idan babu mai a ciki. Air Beetle ya fi su girma da ƙarfi, amma hanyar samar da shi iri ɗaya ce.

Daga Oregon zuwa Kaduna

Wanda ya zana jirgin wani injiniya ne Ba’amurke mai suna Richard VanGrunsven, wanda ya kafa kamfanin Van’s Aircraft a jihar Oregon a farkon shekarun 1970. Haruffan RV da ke kan jiragensa daga sunansa aka ɗauko su. Ya fara da RV-3 mai kujera ɗaya, sannan RV-4 mai kujera biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A tsakiyar shekarun 1980 ya fito da RV-6, inda mutum biyu suke zama kafaɗa da kafaɗa. Bayansa ne aka yi RV-6A, wanda aka mayar da tayarsa ta uku daga wutsiya zuwa ƙarƙashin hanci.

Waɗannan sauye-sauye biyu su ne suka sa jirgin ya dace da makaranta. Zaman gefe da gefe yana ba malami damar ganin hannun ɗalibi da idonsa, ya gyara masa kuskure nan take. Tayar hanci kuwa tana sauƙaƙa sauka da tafiya a ƙasa, domin jirgi mai tayar wutsiya yakan juya da sabon matuƙi idan ya yi sakaci.

A wancan lokaci Najeriya na cikin matsin kuɗin waje. Farashin ɗanyen mai ya faɗi, kuma shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira. Jiragen Bulldog ƙirar Birtaniya da rundunar take koyar da ɗalibai da su tun shekarun 1970 sun fara tsufa. Sai aka ɗora wa kamfanin AIEP da ke tsohon filin jirgin saman Kaduna, wanda daga baya aka san shi da Dornier Aviation Nigeria AIEP, aikin samar da madadinsu a gida. Jirgin gwaji ya tashi a 1989, shekarar da rundunar ta cika shekara 25, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Daga nan aka yi odar sassan jirage 60 daga Oregon, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1990 suka fara aiki a makarantar koyon tuƙi ta rundunar da ke Kaduna.

Yadda aka gina shi

Jikin Air Beetle na alminiyam ne baki ɗaya, fallayen an haɗe su da dubban ƙananan ƙusoshin ribiti. Fikafikansa suna ƙasa da mazaunin matuƙi, faɗinsu daga wannan baki zuwa wancan kimanin mita 7, tsawon jirgin kuma ya ɗan haura mita 6. Tayoyinsa uku ba sa naɗewa, abin da ya rage kuɗin gyara da haɗarin mantuwar ɗalibi. Rufin gilashi ne a kan mazaunin, don haka ana ganin ko’ina.

Samfurin da rundunar ta yi amfani da shi, ABT-18, yana da injin Lycoming O-360 na Amurka mai silinda 4 da ƙarfin doki 180, wanda iska ke sanyaya shi. Daga ƙarfin injin aka samo lambar 18. An kuma daidaita shi yadda zai iya shan fetur ɗin mota, saboda man da ƙananan jirage masu farfela ke sha yana da tsada da wuyar samu a Najeriya.

Ƙarshen aikinsa

Air Beetle ya yi kusan shekara 20 yana zama matakin farko ga ɗaliban tuƙi. Sai dai inji da na’urori da manyan kayan gyaransa duk daga waje suke zuwa, kuma ya fara aiki ne daidai lokacin da Tarayyar Turai ta ƙaƙaba wa Najeriya takunkumin makamai a Nuwamban 1995, takunkumin da ba a ɗage ba sai 1999. Sannu a hankali adadin masu iya tashi ya ragu. A Agustan 2017 ɗaya daga cikinsu ya faɗi a Kaduna, inda wani ƙwararren malamin tuƙi ya rasu.

Tun kafin wannan haɗari, a 2016, gwamnati ta ƙulla cinikin jiragen Super Mushshak guda 10 daga Pakistan, waɗanda suka gama isowa a farkon 2018. Shi ma Mushshak asalinsa zanen kamfanin Saab ne na Suwidin. Pakistan ta fara da haɗa sassan da aka aiko mata, daga baya ta koma ƙera jirgin da kanta, ta inganta shi, har ta kai ga sayar wa wasu ƙasashe.

A nan ne darasin Air Beetle yake. Ƙasashen biyu sun fara daga mataki ɗaya, amma Najeriya ta tsaya a haɗawa, ba a ci gaba da samarwa ba bayan kammala odar rundunar. Duk da haka aikin bai tafi a banza ba, domin ya horar da injiniyoyi da masu gyara a Kaduna, garin da daga baya aka ƙaddamar da jirage marasa matuƙi na rundunar, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Shi kuwa kamfanin Van’s ya maye gurbin RV-6 da RV-7 a 2001, kuma jiragensa fiye da 10,000 da mutane suka haɗa da hannunsu sun tashi a sassan duniya.