Fage Ɗaya, Ganguna Da Yawa: Asalin Kishi Da Raini Tsakanin Makaɗan Yankin Funtua

Duk mai bikin da ya gayyato makaɗa biyu ko uku zuwa fage ɗaya ya gayyato rigima, ko ya sani ko bai sani ba. Wa zai buɗe fage, wa zai rufe? Wa za a shimfiɗa wa darduma kusa da manyan baƙi, wa za a tura can bakin taro? Kuɗin da aka liƙa a lokacin da gangunan kowa ke tashi, na wa ne? Mutane kan ce ai halin maroƙa ke nan, ba sa ƙaunar ganin juna. Ni ban yarda hali ne kaɗai ba. Wannan kishi yana da tarihi, kuma da wuya a sami inda tarihin ya fito fili kamar ƙasar auduga ta kudancin Katsina, wato Funtua da Bakori da Ɗanja da Malumfashi da ƙauyukan da ke kewaye da su.

Tun kafin zuwan Turawa, kiɗa a ƙasar Hausa hawa-hawa ne, kuma abin kiɗan da mutum ya rataya shi ke faɗin matsayinsa kafin ya buɗe baki. Tambari da kakaki na sarki ne, ba a buga su ko busa su don talaka komai dukiyarsa. Taushi da kotso da jauje na fada ne, na sarakuna da hakimai. Kalangu kuwa na mahauta ne da 'yanmatan dandali. Goge da garaya an jingina su da bori, kukuma da gidajen mata masu zaman kansu. Saboda haka mai taushi ba ya buƙatar ya zagi mai kalangu kafin ya raina shi. Tsarin da kansa ya riga ya yi masa rainin. A kan wannan kuma ga bambancin gado da haye. Wanda ya tashi ya tarar da ganga rataye a zauren ubansa yana kallon wanda ya shigo sana'ar da rana tsaka a matsayin ɗan ci-da-ceto.

Sai dai wannan tsari, duk da rashin adalcinsa, ya rage faɗa. A fada kowa ya san layinsa. Akwai Sarkin Makaɗa, akwai Sarkin Taushi, akwai sanƙira, kuma baƙon makaɗi in ya sauka gari sai ya fara gaida shugaban makaɗan garin, ya yi wasa da izninsa, ya kuma fitar masa da wani abu daga abin da ya samu. Masanin nan M.G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, ya wallafa nazari a kan roƙo a 1957, inda ya nuna cewa yabon maroƙi da zambonsa tagwaye ne: bakin da ya ɗaga mutum shi ke iya kayar da shi. A fada, zambo makami ne da ake harbin abokan gabar ubangida da shi, musamman 'yan sarkin da ke harin gadon sarauta. Amma wanda ya saba riƙe makami ba ya ajiye shi don abokin sana'a ya tsaya gabansa. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, a cikin Bakandamiyarsa bai tsaya ga yabon sarki ba, sai da ya wasa kansa ya fifita fasaharsa a kan ta sauran mawaƙa. Salihu Jankiɗi a Sakkwato, da Mamman Sarkin Taushin Katsina, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun, kowannensu ya san cewa darajar ubangidansa da tasa a ɗaure suke, in aka kasa shi a fage an kasa sarkinsa.

A karkara abin ya fi sauƙi. Ranar gayya mai gangar noma yana zuga samarin unguwarsa, na ɗaya unguwar yana zuga nasa. Da kaka, a wurin kalankuwa ko dambe ko kokawa, kowane ƙauye na zuwa da makaɗinsa. Kishin na gari ne, ba na aljihu ba, domin ladan bai wuce damin dawa ko gero da 'yan kuɗi kaɗan ba. Ana watsewa a ci tuwo tare.

Abin da ya sauya komai shi ne jirgin ƙasa da auduga. A ƙarshen shekarun 1920 aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Kamfanin auduga na Ingila, BCGA, ya kafa injin gurza a Funtua, har yau ma ana kiran unguwar da sunansa. Aka buɗe gonar irin auduga a Daudawa. Malumfashi ma ta sami injinta. Funtua, wadda a da Maska ta sha gabanta, ta zama mazaunin Sarkin Maska, ta cika da baƙi: ma'aikatan reluwe, malaman sikeli, dillalai, direbobin manyan motoci, Yarbawa da Ibo da Nufawa. Da an buɗe kasuwar auduga sai kuɗi su shigo hannun mutanen da ba 'ya'yan sarauta ba ne, kuma su ma suna son a ambaci sunansu a bainar jama'a.

Nan aka sami sabon fage wanda babu Sarkin Makaɗa a cikinsa. Dillalin da ya sayar da auduga bai damu da ko kakanka ya yi kiɗa ba. Wanda ya motsa masa zuciya shi zai ba riga. Ga Funtua a kan mararraba, hanyar Zamfara da Sakkwato ta haɗu da ta Zariya da ta Katsina. Makaɗan yamma masu zuwa yawon kaka ta nan suke bi, na Zazzau da na Kano su ma su hauro. Aljihu ɗaya, ganguna goma. Tunda babu mai raba layi, sai baki ya zama shi ne alƙali.

A cikin wannan yanayi Mamman Shata ya taso. An haife shi a Musawa a 1923, ba gidan makaɗa ba, mahaifinsa Ibrahim Yaro ma bai so ya shiga waƙa ba. Ya yi tallar goro da alewa, ya fara waƙa a dandali. Wanda ya ja shi zuwa Bakori shi ne Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin sayen auduga da gyaɗa a can, wato tun farko kuɗin amfanin gona ne suka buɗe masa hanya. A 1952 ya yi wasa a Bikin 'Yan Sarki a Kano, sunansa ya fita. Wajen 1960 ya koma Funtua da zama, ya yi kusan shekara arba'in a cikinta.

A duba abin da Shata ya tarar a gabansa. Ɗan haye ne, kuma kalangu yake ɗauke da shi, abin kiɗan mahauta da 'yanmata. Bisa tsohon lissafi, wurinsa bakin taro ne. Amma sai ga shi yana waƙar Sarkin Daura Muhammadu Bashar, sarkin da Ɗanƙwairo ma ya yi wa waƙa, ga attajirai da manyan sojoji da 'yan siyasa suna layi. Wanda aka raina ya shigo tsakiyar fage da ƙarfin murya da saurin tunani, kuma bai shigo da ladabin baƙo ba. Bakandamiyarsa, wadda ya yi ta sabuntawa tsawon rayuwarsa, kirari ce ta kansa, kuma duk mai saurare ya san ba manoma ko direbobi ake faɗa wa ba. Abokan sana'a ake gaya wa su san gaba da gabanta. Waƙarsa ta Gagarabadau kuwa ta nuna wa kowa irin ɓarnar da harshensa ke iya yi in ya juya ga zambo. A ganina, zafin Shata a kan sauran mawaƙa amsa ce ga rainin da tsohon tsari ya tanadar wa irinsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da ya hau, shi ma ya zama sabon tsarin, kuma inuwarsa ta rufe mutane da yawa.

Ga yadda rainin ke gudana a aikace, kamar yadda duk wanda ya halarci ajo ko bikin attajiri a wancan zamani zai shaida. Ƙananan makaɗa su ake sa wa su ɗumama fage tun bayan sallar isha'i, lokacin da masu kuɗi ba su fito ba. Babban makaɗi ba ya zuwa da wuri. Jinkirin ma wani ɓangare ne na isa. Da motarsa ta tsaya, maroƙansa suka fara kirari, sai taro ya juya baya ga wanda ke tsakiyar waƙa. Wani lokaci ba a ma jira ya kai ƙarshen baiti, makaɗan babban su ɗora nasu kiɗan a kan nasa har ya yi shiru don kansa. In ya yi gardama, a jefe shi da habaici a cikin waƙa, ba a kama suna ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Mafi ciwo shi ne zawarcin yara: makaɗi ya sha wahala ya horar da mai kalangu ko ɗan amshi, rana ɗaya wanda ya fi shi samu ya ɗauke shi. Akwai kuma satar ubangida, wadda ita ce ke haddasa gaba mai tsawo, domin mai kyauta ɗaya na iya riƙe ƙungiya guda shekara da shekaru.

Tsoron juna ya kai har ga asiri. Makaɗa da yawa sun yi imani abokin hamayya na iya ɗaure musu murya ko ya sa fatar ganga ta fashe ana tsakiyar wasa, shi ya sa layu da guraye ba sa rabuwa da jikinsu, wasu ma ba sa shan ruwan gidan biki. Ko mutum ya gaskata ko bai gaskata ba, wannan ya nuna yadda suka ɗauki fage: wurin yaƙi.

Mata ma suna da nasu fagen. Barmani Choge, wadda ta rayu a Funtua ta kuma rasu a 2013, ta fito da kiɗan ƙwarya daga cikin gida zuwa manyan tarurruka, a zamanin da Uwaliya Mai Amada ke tashe a Kano. Habaici a wurin masu amada ba baƙo ba ne, tunda kishi tsakanin matan gida ɗaya na cikin abin da waƙoƙinsu suka fi taɓawa. Amma su raini biyu suka sha, na manyan makaɗa maza da kuma na jama'ar da ke ganin bai dace mace ta tsaya gaban taro ba.

Rediyo da kaset sun ɗauke rigimar daga fage suka kai ta kowane shago. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya sa manomin Ƙafur ko Dandume yana jin mai kukuma na Zariya da mai gurmi na Haɗeja ba tare da ya bar gonarsa ba. Daga nan sai magoya baya suka karɓi gardamar: a teburin mai shayi da tashar mota ana musu, Shata ko Ɗanƙwairo, Ɗanmaraya Jos ko Haruna Uji. Manyan tarurrukan gwamnati, irin hawan dabar da aka yi a Kaduna lokacin FESTAC a 1977, sun tara makaɗan masarautu da yawa a wuri guda, kowa yana auna kansa da ɗan'uwansa. Kuɗin da suka shigo yankin ta Shirin Bunƙasa Noma na Funtua, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, da masaƙar Funtua da ta biyo baya, sun ƙara yawan masu liƙi, suka kuma ƙara zafin neman su. Ba mu kaɗai ba ne a wannan kishi na mawaƙa. A ƙasar Yarbawa ma Sikiru Ayinde Barrister da Kollington Ayinla sun shafe shekaru suna jifan juna a faya-fayan fuji.

Siyasa ce ta zo ta gaje komai. Tun zamanin NEPU da NPC jam'iyyu suka gane amfanin mawaƙi, Shata da kansa ma ya shiga har ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Funtua a Jamhuriya ta Uku. Ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura, makonni kaɗan bayan dawowar mulkin farar hula. Cikin mulkin nan ne kuma wani ɗan yankin, Dauda Kahutu Rarara daga ƙasar Ɗanja, ya zama mawaƙin siyasar da aka fi ji a Arewa, musamman daga zaɓen 2015. Yau kalangu ya koma cikin kwamfutar situdiyo, mawaƙan jam'iyyu na hawa dandamali ɗaya a yawon kamfe daga gari zuwa gari, kuma tsofaffin tambayoyin suna nan: wa zai riƙe makirufo idan ɗan takara ya iso, wa aka ba mota, wa aka sallama da kuɗin mai.

Bambancin da ke damuna shi ne, a da ana karawa ne ido da ido. Wanda aka yi wa habaici yana nan tsaye, yana da damar ramawa nan take, jama'a su yi hukunci, in abu ya yi tsami hakimi ko wani attajiri ya kira su zaure ya sasanta. Dole mutum ya iya waƙa kafin ya iya raini. Yanzu ana zagin ne daga ɗaki, a watsa a Facebook da TikTok, sau da yawa da kuɗin wani, kuma babu dattijon da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa.

Shata ya sami masu rubuta tarihinsa. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirin digirgir a kansa a Amurka a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin Shata Ikon Allah a 2006. Waɗanda suka ɗumama masa fage, da masu gangar noma na Bakori da Malumfashi, da masu kalangun da aka kashe wa kiɗa ana tsakiyar baiti, ba su sami wannan gatan ba, alhali da su aka yi zamanin. Kaɗan daga cikinsu suna raye, sun tsufa. Ɗaliban sashen Hausa na jami'o'inmu na Katsina da Dutsin-ma da Zariya su ɗauki rikoda su je su same su tun da sauran lokaci.