Addinin Tawo na Ƙasar Sin, da Yadda Ɗalibin Gobir Zai Karanta Tarihinsa

A shekarar 1353 ta Miladiyya, matafiyin nan na Tanja, Ibn Batuta, ya sauka a Takadda, garin ma'adinin jan ƙarfe da ke yamma da duwatsun Azbin, kuma a cikin labarin tafiyarsa ya ambaci wata ƙasa da ake kai wa jan ƙarfen nan, wadda galibin masana suka karanta sunanta da Gobir, ya lissafa ta cikin ƙasashen kafirai, ya wuce. Shekaru kamar bakwai kafin wannan, shi dai wannan bawan Allah ya ce ya shiga ƙasar Sin, ya yaba gwanintar mutanenta wajen zane da gina tangaran, ya yi mamakin kuɗinsu na takarda, amma da ya zo kan addininsu sai ya taƙaita a kan cewa masu bautar gumaka ne. Mu da muke zaune a Dakoro, 'yar tafiya kaɗan daga Birnin Lalle inda Gobirawa suka kafa gadon sarautarsu bayan sun gangaro daga Azbin, mun san abin da wannan kuɗin goro ya rufe ta wajenmu: dangogin Arna, kowanne da gadonsa na noma ko farauta ko ƙira, da tsafin gida da na gari, da bori, da kuma fatake da malaman Musulmi da suka zauna tare da su ƙarni bayan ƙarni. Wanda ya san haka game da gidansu, bai kamata ya zaci cewa ta wajen Sin babu irin waɗannan rassa ba.

Malaman Musulunci na farko suna da fanni na musamman domin wannan aiki, wanda suka kira ilmin milal wa nihal, wato sanin addinai da mazhabobin al'ummu. Biruni ya koyi harshen malaman Hindu kafin ya rubuta littafinsa a kansu wajen shekarar 1030. Ibn Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya yi nasa da zafin muhawara. Shaharastani kuwa, wanda ya rasu a 1153, ya ɗaukar wa kansa sharaɗin kawo aƙidar kowace ƙungiya kamar yadda ya same ta a littattafanta. A ƙasar Hausa abin da ya fi damun malamanmu shi ne hukunci, domin shi ne bukatar zamaninsu, kamar yadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kasa mutanen ƙasar nan kashi uku a cikin Nurul Albabi: Musulmi na gaskiya, da masu haɗa Musulunci da ayyukan kafirci, da waɗanda ba su taɓa shiga ba. Hukunci yana da muhallinsa, amma sifantawa wani ilmi ne dabam, kuma a cikin wannan ilmin duka ƙasar Sin ta samu ɗan rabo ƙanƙane, saboda nisanta da wuyar rubutunta.

Addinin Tawo ya tsiro ne a zamanin fitina. Tsakanin 475 da 221 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, daular Sin ta tsattsage zuwa ƙananan masarautu masu cin juna da yaƙi, kowane sarki yana neman mai hikimar da zai gaya masa yadda ake riƙe ƙasa. Almajiran Kunfushiyus suka ce maganin shi ne ladabi, da biyayya ga iyaye da shugabanni, da raya al'adun magabata; wasu suka ce doka mai tsanani da azaba mai sauri. Sai wata murya ta uku ta ce yawan maganin ne ya zama cutar. Ruwayar da marubucin tarihi Sima Ciyan ya kawo, wajen shekara 100 kafin Miladiyya, ta jingina wannan murya ga wani dattijo da ake kira Lawo Tsu, mai kula da taskar takardun fada, wanda da ya ga lalacewar zamani ya kama hanyar yamma, mai tsaron ƙofar iyaka ya roƙe shi ya bar wa mutane wani abu a rubuce, ya rubuta, ya wuce, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wannan ruwaya isnadinta bai da ƙarfi, shi kansa Sima Ciyan ya kawo ta tare da saɓani, kuma masu bincike na yanzu sun fi karkata ga cewa littafin, Tawo Te Cing, mai babi 81 da haruffa kamar 5,000, hannaye da yawa ne suka tara shi. Tsufansa dai ya tabbata, domin a 1993 an tono wasu ɓangarorinsa rubuce a kan tsagin gora a cikin wani kabari na wajen shekara 300 kafin Miladiyya.

Tawo a harshen Sin hanya ce, kuma abin da ma'abota wannan koyarwa suke nufi shi ne asalin da dukkan samammu suke fitowa daga gare shi, suke tafiya bisa tsarinsa, suke komawa cikinsa, alhali shi ba ya umurni, ba ya hani, ba ya fushi, ba ya aiko manzo, ba a roƙonsa, kuma a ganinsu suna ba ya iya ɗaukarsa. Tafiyarsa tana bayyana ne a musayar abubuwa biyu da Sinawa duka suka gada, yin da yang, wato inuwa da rana, sanyi da zafi, tausasawa da tsanantawa, waɗanda ba su ɗauke su a matsayin alheri da sharri masu gaba da juna ba, sai dai kowanne idan ya kai maƙura ya haifi ɗan'uwansa. Daga nan ne babbar koyarwarsu ta fito, wadda suke kira wu wei, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta, ana fassara ta da zaman kashe wando, alhali maƙasudinta barin tilastawa ne: mutum ya yi aiki bisa ɗabi'ar abin da ke gabansa, kada ya ƙaƙaba masa son ransa. Littafi na biyu a daraja, na Cuwang Tsu wanda ya rayu a ƙarni na huɗu kafin Miladiyya, ya buga misali da wani mahaucin fada da wuƙarsa ta shekara 19 ba ta dakushe ba, saboda yana bin gaɓoɓi ne, ba ya saran ƙashi. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli tsohon mahauci yana feɗe sa a kasuwar Dakoro, ya kuma kalli yaronsa yana fama da gatari, ya riga ya fahimci wannan babi ba tare da sharhi ba. A sha'anin mulki ma haka suka ɗora ta: yawan doka yana yawaita masu laifi, yawan haraji yana kawo yunwa. An kuwa gwada wannan a aikace, domin bayan daular Cin ta gallabi talakawa da aikin tilas ta rushe cikin shekara goma sha biyar, sarakunan farko na daular Han sun karkata ga wannan ra'ayi, har harajin gona ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin 30.

Har zuwa nan hikima ce ta masu karatu. Addini mai limamai da jama'a da ibada ya kafu ne daga baya, a shekarar 142 ta Miladiyya, lokacin da wani mutum mai suna Jang Tawoling, a lardin Sicuwan, ya yi da'awar cewa Lawo Tsu ya bayyana gare shi a matsayin abin bauta, ya naɗa shi shugaban sabon alkawari. Kowane gida na mabiyansa yana biyan ma'auni biyar na shinkafa, har aka yi wa ƙungiyar laƙabi da haka. Sun ɗauka cewa cuta sakamakon zunubi ce, saboda haka marar lafiya yakan shiga halwa ya tuna laifuffukansa, a rubuta su a takarda uku domin ma'aikatan gaibu na sama da ƙasa da ruwa, a kuma ba shi ruwan laya ya sha. Jikan Jang ya riƙe ƙasa mai cin gashin kanta har zuwa 215, kuma a 184 wata ƙungiya 'yar'uwarta, masu ɗaura rawaya a ka, ta yi tawayen da ya girgiza daular Han. Abin lura ne, ko da yake ba sabon abu ba ne a tarihin addinai, cewa littafin da ya yi gargaɗi a kan yawan dokoki shi ne ya zama tushen wata ƙungiya mai rajista da muƙamai da haraji.

Reshe na uku shi ne neman dawwama a duniya, kuma a nan ne tarihin ya fi ban mamaki. Tun da ba su jingina fatansu ga tashin ƙiyama ba, sai suka mai da himma ga tsare jiki: horon numfashi, da ƙarancin ci, da motsa gaɓoɓi a hankali, da kuma alkimiyya. Ge Hong, wanda ya rasu a 343, ya tattara hanyoyin dafa zinariya da jan dutsen da ake fitar da zaiba daga cikinsa, bisa zaton cewa wanda ya haɗiye abin da ba ya ruɓewa shi ma ba zai ruɓe ba. Sarakunan daular Tang, waɗanda suka yi mulki daga 618 zuwa 907 suna iƙirarin cewa su zuriyar Lawo Tsu ne, sun zuba dukiya a kan wannan, kuma da dama daga cikinsu dafin maganin dawwamar ne ya zama ajalinsu. A cikin irin waɗannan tukwane ne, wajen ƙarni na tara, aka gauraya farar wuta da gawayi da wani gishirin ƙasa, aka samu albarushi, wanda daga baya ya zagayo duniya har ya iso hannun maharbanmu. A 1222 kuma, bayan Jankiz Khan ya rushe Bukhara da Samarƙandi, aka kawo masa wani tsohon shehin Tawo mai suna Ciyu Cuji har sansaninsa a ƙasar da yanzu take Afganistan, ya tambaye shi maganin mutuwa. Tsohon ya gaya masa gaskiya cewa babu shi, sai dai hanyoyin kiyaye lafiya, ya kuma yi masa nasiha a kan rage zubar da jini. A ganina wannan amsa ta fi dukkan tukwanen alkimiyyarsu daraja.

Ɗalibin da ya zo kwatantawa yana da ramuka biyu a gabansa. Na farko shi ne ya ji an ce Tawo ɗaya ne, ba ya sifantuwa, shi ne asalin kome, sai ya yi gaggawar cewa ai tauhidi ne da wani suna. Malaman Musulmi na Sin, waɗanda suka girma cikin harshen, sun riga mu auna wannan: Wang Dayyu, a littafin da ya fitar a 1642, ya ari kalmomin ma'abota Tawo da na Buda da na Kunfushiyus domin ya bayyana Musulunci, amma ya ƙi yarda a daidaita asalin nan nasu da Mahalicci, domin abin da ba shi da nufi, ba shi da magana, ba ya hisabi, ba shi ne Ubangijin da ake yi wa sujada ba. Kamannin da ke akwai tsakanin zuhudunsu da na sufaye, wanda masanin Japan Toshihiko Izutsu ya yi dogon nazari a kansa yana gwama Lawo Tsu da Ibn Arabi, kamanni ne na ladabin zuciya, kuma a nan ya kamata a tsaya. Rami na biyu shi ne ya ga gumaka da turare da layu, sai ya ce bori ne na Sinawa. Lalle akwai inda suka yi kama, domin kamar yadda 'yan bori suka tsara iskokinsu da sarki da fadawa a birninsu na Jangare, haka ma'abota Tawo suka tsara abubuwan bautarsu bisa tsarin fadar sarkin Sin, da manya uku a bisa da ma'aikata a ƙarƙashinsu. Amma ɗan bori goge ake yi masa iska ta hau shi ta yi magana da bakinsa, shi kuwa limamin Tawo mai alƙalami ne, yana rubuta takardar koke da lafazin fada, ya ƙone ta domin ta isa ofishin da ya nufa. Kuma ƙungiyar Jang tun farkonta ta haramta yanka domin aljannu, ta yi adawa da masu hawan iska na ƙauyuka. Kundin littattafan ma'abota Tawo da aka buga a 1445 ya ƙunshi littafi fiye da 1,400.

A ƙarni na ashirin addinin ya sha wuya. Magajin Jang na 63 ya tsere zuwa Taiwan a 1949, aka kafa ƙungiyar ma'abota Tawo ƙarƙashin idon gwamnati a 1957, aka rufe gidajen ibada aka kori limamai tsakanin 1966 da 1976, sa'an nan aka sake buɗe su, kuma yanzu yana cikin addinai biyar da hukuma ta amince da su, tare da na Buda da Musulunci da ɗarikun Kirista biyu. A daidai wannan zamani ne Sin ta matso kusa da mu: Nijar ta ƙulla hulɗa da ita a 1974, likitocinta suka fara zuwa asibitocin ƙasar nan a 1976 ɗauke da alluransu na tsira jiki, waɗanda aka gina ilminsu bisa yin da yang, matatar man Damagaram ta fara aiki a 2011, kuma ganyen shayin da Buzaye da Fulani da Hausawa suke dafawa daga Dakoro har Bermo yawancinsa daga can yake. Amma wanda ya tambayi ma'aikacin Sin ko shi mabiyin Tawo ne, galibi zai ji ya ce ba shi da addini, alhali mutumin nan yana share kabarin kakanninsa a lokacinsa, yana zaɓen ranar sa'a kafin aure, kuma idan mahaifinsa ya rasu ba mamaki iyalin su kira limamin Tawo, ko na Buda, ko su biyun, domin a wurinsu ana zuwa wajen limami ne gwargwadon bukata, shi ya sa har yau masu ƙidaya ba su daidaita a kan yawan mabiyansa ba.