Ƙaramin Lauya da Hayaƙin Masana'antun Kano



A yawancin littattafanmu, da zarar an ce Barista an gama magana. Matashi ne ɗan shekara ashirin da bakwai, ga mota mai baƙin gilashi, ya shiga kotu ya yi turanci sau biyu, sai a saki jarumar labari. Ni dai wannan baristan ya ishe ni. Tarihin ƙaramin lauya a Kano ya fi haka daɗi, ya kuma fi haka ɗaci, kuma wanda zai fahimce shi sai ya bi ta Bompai da Sharaɗa da Challawa kafin ya isa kotu.

A zamanin Turawa, har zuwa Jamhuriya ta Farko, doka ba ta yarda lauya ya tsaya a kotun alƙali ba, alhali can ne talakan Kano yake kai ƙarar gado da aure da gona. To ina lauya zai ci abinci? Sai wurin kamfanonin Turawa da Kwarori masu harkar gyaɗa da fata, waɗanda suka fara kafa masana'antu a Bompai tun shekarun 1950. Lauyoyin lokacin kusan duk Turawa ne da 'yan Kudu. Sai a 1955 Arewa ta samu lauyanta na farko, Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori, a 1956 kuma Muhammadu Bello na Katsina, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 1987. Dukansu a Ingila suka zama lauyoyi. Makarantar Horar da Lauyoyi ta Legas sai a 1962 aka kafa ta, shekara ɗaya da Jami'ar Ahmadu Bello.

Kakar lauyoyi ta yanke saƙa ne a shekarun 1970. Gwamnatin Gowon ta yi dokar 1972 wadda ta tilasta wa baƙi sayar wa 'yan ƙasa hannun jari a kamfanoninsu, aka ƙara tsaurara ta a 1977. Kowane ciniki irin wannan sai da takarda, takarda kuma sai da lauya. Ga kuɗin man fetur, ga Sharaɗa da Challawa suna cika da masaƙu da kamfanonin jima da na robobi. A 1978 dokar filaye ta zo, ta ce ba a jinginar da fili mai takarda ko a sayar sai da amincewar gwamna. Mai masana'anta kuwa ba ya rabuwa da rancen banki. Sannan ga rikicin ma'aikata, musamman kan ƙarin albashin Adebo a 1971 da na Udoji a 1974.

A nan ne abin da nake so mu lura da shi yake. Babban kamfani yakan ɗauki ofishin lauya na shekara guda, ya biya shi ko da shari'a ko babu. Wannan kuɗin mai tabbas shi ne yake ba oga halin ɗaukar yara biyu ko uku, ya biya su a ƙarshen wata, ya kuma zaunar da su ya koya musu aiki. Yaron yakan fara da ɗaukar fayil da neman a ɗage shari'a. Daga nan a tura shi ofishin filaye ya binciko ko an taɓa jinginar da wani fuloti, sai a ba shi rubuta yarjejeniyar haya, sai ta rance. Bayan 'yan shekaru hanya ta rabu: ko ya zama abokin tarayyar ogansa, ko ya buɗe nasa ofishin, ko wani kamfani ya ɗauke shi sakatare. Tsani ne mai matakala, kuma injin masaƙa ne yake riƙe da ƙafarsa.

Sai 1986 ta zo da tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida. Naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka gagara saya, wutar NEPA ta zama sai an gani, daga baya atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Masana'antu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Aikin lauya bai mutu nan take ba, kama ya sauya: wanda jiya ya rubuta takardar kafa kamfani, yau shi ke rubuta ta karɓo bashi, da ta sallamar ma'aikata, da ta gwanjon injina. Amma irin wannan aikin sau ɗaya ake cinsa. Kamfanin da aka yi gwanjonsa ba ya dawowa baɗi.

Abin mamaki, a daidai lokacin ne lauyoyi suka yi ta ƙaruwa. Jami'ar Bayero tana yayewa, Zariya tana yayewa, ga reshen makarantar lauyoyi a Bagauda. Ko 'yar rajistar kamfani da ƙananan lauyoyi ke samun na cefane da ita ta ragu, domin dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani, ya kuma cike takardunsa da kansa ta intanet.

Ba wai ƙofofi sun toshe duka ba. Ƙofar kotunan alƙalai ta fara buɗe wa lauyoyi bayan tsarin mulkin 1979, kuma tun da Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, wanda ya iya rabon gado yana da kasuwa. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙara wa Kotun Ma'aikata ƙarfi. Akwai Ma'aikatar Shari'a, akwai kujerar majistare, akwai bankuna, kuma Challawa har yanzu ana jima. Sai dai alƙalancin Babbar Kotu da muƙamin Babban Lauyan Nijeriya, kowanne sai mutum ya cika shekara 10 da zama lauya, kuma waɗannan shekaru goman ne ba ma rubutawa.

A cikinsu ne za ka ga matashi da baƙar kwat cikin zafin Afrilu, ya sauka daga adaidaita sahu a titin Miller da ke Bompai, inda Babbar Kotun jiha take zama, da fayil ɗin oga a hammata. Zai jira awa uku a kira shari'ar, ya miƙe ya yi maganar minti biyu, a ɗage zuwa wata mai zuwa. A gida kuwa tun ranar da ya sa hular gashi aka ƙara masa kason cefane, saboda ai Barista ne.