Kilomita Hamsin Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu

Duk wanda ya taso a Birnin Kebbi a shekarun 1980 yana iya tuna asubahin da ake tayar da yara domin tafiya Argungu. Uwa ta ɗaure ƙunshin tufafi tun dare, ta dama fura a gora. Maigida ya buɗe gaban Fijo ya duba ruwa da mai, a cusa yara a baya, ƙananan bisa cinyar manya, a karanta addu'ar tafiya. Kafin a fita gari an fara gardamar wanda zai zauna kusa da taga.

Tafiyar kimanin kilomita 50 ce kawai, amma kakannin waɗannan yara ba sa yin ta haka kawai. A 1805 rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, babban birnin Kabawa a lokacin. Daga baya Kabawa suka kafa gadon sarautarsu a Argungu, suka shafe shekaru masu yawa suna gwabzawa da Gwandu da Sakkwato. Wannan tazara da mota ke cinyewa cikin ƙasa da awa ɗaya iyakar yaƙi ce a da. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa kamun kifi a kogin Matan Fada, kuma daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffar da aka san shi da ita.

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa wannan kwari na Rima ba, a Ƙaura Namoda layin ya tsaya a 1929. Jaki da raƙumi da kwalekwale su suka ɗauki mutane da kaya, sannan babbar mota mai bodin katako ta zo, wadda fasinja ke zama bisa buhunan shinkafa, karen mota na maƙale a baya riƙe da wejin katako. Motar gida ta yawaita ne bayan ƙarin albashin ma'aikata na Udoji, da kuma buɗe kamfanin haɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Ƙirar 504 ta shiga gidajen malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati, kuma ta cancanci sunan da ta yi, domin ta jure rami da yashi da lodin da ya fi ƙarfinta.

Dogon hutun makaranta cikin damina yake faɗowa. Ta taga yaro yana ganin fadama ta cika, shinkafa ta yi kore shar, Fulani na kora shanu zuwa tudu. A Ambursa, inda filin jirgin sama yake yanzu, akan tsaya sayen gyaɗa da dafaffiyar masara. A Argungu kuwa, bayan an gaida kakanni da gwaggonni gida-gida, wani kawu yakan ja yaran zuwa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarki da aka mayar gidan tarihi a 1958. Can suke ganin sulke da masu da tambura, su tsaya shiru a gaban kaburburan sarakuna. Da yawa a nan suka fara jin sunan Surame, tsohon birnin Kabawa. Komawa gida kuma sai da tsarabar kifi banda, wanda ƙamshinsa ke kwana uku a mota.

Ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, alƙiblar tafiya ta juya. Iyalan da suka saba zuwa daga Sakkwato suka tare a Birnin Kebbi, babban birnin sabuwar jihar, Argungu ta zama tafiyar yini, a je da safe a dawo kafin magariba. A 2016 UNESCO ta sanya bikin kamun kifin cikin al'adun duniya da ake adanawa. Iyayen yau, waɗanda su ne yaran bayan Fijo na jiya, su daure su kai 'ya'yansu gidan Kanta a lokacin hutu.