Raƙumi da giwa a dandalin wasa

A garin Sudure, kusa da Yamai, aka haifi Hamani Diori a 1916, aka kuma haifi Djibo Bakary a 1922. Ƴan'uwa ne na jini, dukansu sun yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, dukansu sun riƙe alli a aji, kuma jam'iyya guda suka fara yi wa hidima, wato PPN, reshen RDA na Nijar. Rabuwarsu ce ta tsaga ƙasar gida biyu tun kafin ta sami ƴancin kai. Masu koyar da tarihi sun san kwanakin wannan rabuwa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne irin kamannin da waƙa da wasa da littafi suka ba kowane ɓangare a idon ɗan'uwansa.

Djibo ya bar PPN bayan RDA ta raba gari da jam'iyyar kwaminis ta Faransa, ya kafa UDN a 1954, wadda talakawa suka laƙaba wa suna Sawaba. Kalmar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, don a Kano ma NEPU ta su Malam Aminu Kano da Jam'iyyar Neman Sawaba aka san ta. Tambarin Sawaba raƙumi ne, na RDA giwa. Direbobi da teloli da ƴan ƙwadago da ƙananan ƴan kasuwa na Maraɗi da Tasawa da Damagaram suka bi raƙumi, ya kai Djibo shugabancin gwamnati a 1957. Da Janar de Gaulle ya kawo ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Djibo ya ce a'a, Diori ya ce i. Faransa ta aiko gwamna Colombani, sarakuna kuma, waɗanda Djibo ya riga ya tuɓe wasu daga cikinsu, suka juya masa baya. I ta sami kashi 78 cikin ɗari, amma waɗanda suka fito zaɓen ba su kai kashi 40 ba. A Oktoba 1959 aka haramta Sawaba.

Siyasar wancan zamani da ganga da maroƙa aka yi ta, kuma maroƙin siyasa kayan aikinsa biyu ne, yabo da zambo. Zambo ba ya neman dalilin mutum, aibinsa yake nema, ya hura shi har ya rufe sauran jiki. A bakin ƴan Sawaba, ɗan RDA yaron Nasara ne da ya sayar da ƙasa don albashi. A bakin ƴan RDA kuwa, ɗan Sawaba mara kunya ne da bai san girman sarki ba, kwaminis da ba ya tsoron Allah. Muddin jam'iyyun biyu suna da makaɗansu, ana iya cewa zagin yana da ramuwa, kamar yadda ya kasance a arewacin Nijeriya tsakanin mawaƙan NEPU irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da takwarorinsu na NPC. Bayan 1959 ganga ɗaya ta rage a Nijar. Radiyon ƙasa da jaridar Le Temps du Niger suna hannun giwa, raƙumi ba shi da bakin mayar da magana.

Abin ya ƙazanta a Oktoba 1964, lokacin da ƴan Sawaba da suka sami horon soja a Sin da Aljeriya da Gana suka shigo ta kan iyakoki da makamai. An kama su cikin ƴan kwanaki, sau da yawa da hannun mutanen ƙauye, aka harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai. Ranar 13 ga Afrilu 1965, a filin sallar layya, wani ɗan Sawaba mai suna Amadou Diop ya jefa gurneti don ya kashe Diori. Diori ya tsira, ƙaramin yaro ya mutu. Daga nan sunan ɗan ta'adda ya manne, kuma a gidaje da yawa aka daina gaya wa yara inda mahaifinsu ya tafi.

Juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 ya juya madubin ne kawai. An kashe Aisa, matar Diori, a daren, aka tsare shi da Boubou Hama, kuma mutanen giwa suka zama ɓarayin hatsin agaji a bakin kowa. Littafin Amadou Ousmane na 1977, Quinze ans, ça suffit!, labarin shari'ar wani babba ne da ake tuhuma da karkatar da abincin masu yunwa. Sunan littafin kaɗai ya yanke hukunci tun ba a zauna kotu ba. Ba a ce ƙarya ya yi ba, don yunwar 1973 da satar agaji abubuwa ne da suka faru. Amma malamin lakwal na karkara da ya shiga RDA da zuciya ɗaya, ko sarkin da ya ce i don yana tsoron Faransa ta janye hannu daga sayen gyaɗa kamar yadda ta juya wa Gine baya, ba su ne irin mutanen da zamanin yake son ji daga bakinsu ba. Shi ma Djibo, da ya dawo daga gudun hijira, Seyni Kountché ya kulle shi a 1975. Ƴan'uwan nan biyu sun yi shekaru suna fursunonin mutum guda.

A zamanin Kountché ne wasan kwaikwayon Hausa ya bunƙasa, ta hanyar samariya da bikin matasa na ƙasa da ƴan wasan radiyon Damagaram, su Yazi Dogo. Sun yi wa ma'aikaci mai cin hanci da alhajin ƙarya dariya son ransu, amma jam'iyyu haramtattu ne, saboda haka abokin hamayyar siyasa bai hau dandali ba. Marubuta suka koma can baya, inda abokin gaba baƙo ne ko kuwa ya daɗe a kabari. André Salifou ya riga ya ɗauko Tanimun na Damagaram tun zamanin Diori. Abdoulaye Mamani, wanda shi kansa jigon Sawaba ne da ya ɗanɗani hijira da kurkuku, ya ɗauko Sarauniyar Lugu da yaƙinta da Voulet da Chanoine na 1899. Mai karatu da ya san marubucin yana iya hango 1958 a bayan labulen, masu ƙi a gefe, masu miƙa wuya a gefe. Hange ne kawai, kuma masu miƙa wuyan ba su fito da kyan gani ba.

Taron ƙasa na 1991 ya buɗe bakuna, sai dai neman masu laifi ya fi yawa a cikinsa. Cikakken hoto ya zo ne daga waje, a 2013, cikin littafin ɗan tarihin Holan Klaas van Walraven mai shafi kusan dubu, wanda aka fassara zuwa Faransanci a 2017 da suna Le désir de calme. Ya zauna da tsofaffin ƴan Sawaba a garuruwansu, ya karanta rahotannin waɗanda suka farauce su. A ciki ɗan Sawaba yana da suna da sana'a da kuskure. Littafi ne na masana. Bai kai zauren da wasan radiyo yake kaiwa ba.

Ko hoto mai adalci yana sassauta gaba? An gwada a Ruwanda, ƙasar da radiyon RTLM ya kira Tutsi kyankyasai kafin kisan 1994. Tun 2004 aka fara watsa wasan Musekeweya, labarin ƙauyuka biyu na ƙirƙira masu rikici a kan ƙasar noma, kowanne da mutanen kirki da masu zuga, ba tare da an ambaci Hutu ko Tutsi ba. Elizabeth Levy Paluck ta bi masu sauraro har shekara guda, ta buga sakamakon a 2009. Ra'ayin da kowa yake riƙe da shi a zuci bai sauya sosai ba. Abin da ya sauya shi ne abin da mutane suke ganin ya halatta a tsakaninsu: auratayya, amincewa da maƙwabci, da faɗin saɓani a gaban jama'a. Riba ce ƙarama, amma ita ce ta ɓace a Nijar a 1959.

Damagaram tana da wasan kara, inda talaka yake sanya rigar gwamna ko ta minista ya kwaikwayi tafiyarsa, wani lokaci a gaban mai rigar. Ƙasar kuma tana da wasan taubasai, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon duniya a 2014, inda Bamaguje ko Bafillace ko Babarbare yake shan zagi yana zaune, ya kuma rama. Ƙungiyar wasa da za ta ɗauki 1958 ko 1964 tana da waɗannan a hannu, tana kuma da mutanen: direban Maraɗi da ya tafi Nankin koyon bindiga, sarkin da ya sa aka ɗaure shi, da mahaifin yaron filin idi. Wanda yake da shekara ashirin a 1964 ya haura tamanin a yau, wasu kuma suna nan a zaurukan Tasawa da Madawa da Zangon Damagaram, ana wuce su ana gaida su.