Masu Takarda a Birnin Kartaj

Yau za mu kai ku ƙasar Tunis, inda jar dara ta ke fitowa. Kusa da birnin Tunis akwai kangon wani babban birni na dā, sunansa Kartaj. Birnin ciniki ne a bakin bahar, daga can jirage su ke kai alkama Roma, masu bin Yesu kuwa suna da yawa a cikinsa.

A shekara ta 249 Disiyus ya zama Kaisar. Ba da jimawa ba ya kafa doka, kowa cikin mulkinsa ya yi hadaya ga allolin Romawa a gaban wakilan hukuma, ya ɗanɗana naman, sa'an nan a ba shi takardar shaida. Takardar nan kamar rasidin haraji ta ke. Mai ita ya kwana lafiya, marar ita kuwa sai kurkuku, ko ƙwace dukiya, ko mutuwa. An tono irinsu fiye da 40 a ƙasar Masar, kowace da sunan mai ita da hannun waɗanda suka gani.

Fabiyan, shugaban ikilisiyar Roma, ya ƙi, ya mutu a watan Janairu na 250. Amma a Kartaj mutane da yawa ba su jira a kama su ba, da ƙafarsu suka tafi. Suka yi cincirindo har magariba ta yi, aka ce wa saura su komo gobe. Waɗansu kuma suka yi dabarar da 'yan kasuwa suka sani sarai: suka ba ma'aikata cin hanci, aka rubuta musu takarda ba su taɓa hadaya ba. Shugabansu Kifriyanus ya ɓuya, yana aika wasiƙu daga maɓoya, shi ma har aka yi masa gorin gudu.

Da ƙura ta lafa, sai ga masu takarda a ƙofar ikilisiya suna kuka, suna so a karɓe su. To, ku auna. Ga matar da aka kashe mijinta domin ya ƙi hadaya, ga maƙwabcinta wanda ya ci naman, rumfarsa tana nan, dukiyarsa tana nan. Za su zauna a tabarma ɗaya su ci Jibin Ubangiji tare?

Jama'a ta rabu. Waɗansu daga cikin waɗanda suka sha azaba a kurkuku suka shiga ba da takardun salama, har mutum ya karɓa domin kansa da mutanen gidansa duka, ba a tambayi tuban kowa ba. Takarda ta fitar da su, takarda kuma za ta komo da su ke nan! A Roma kuwa wani malami mai zurfin ilimi, Nobatiyan, ya ce wanda ya yi musun Ubangiji ba shi da komowa cikin ikilisiya, ya yi ta tuba har mutuwa, sauran na Allah ne. Ba mugun mutum ba ne, kishin tsarki ya ke yi. Amma maganarsa kamar a ce wa mai bashi ne, yi ta biya, sunanka dai ba za a share shi daga littafi ba. Wa zai daɗe yana biya?

Bayan Idin Tashin Almasihu na 251 Kifriyanus ya komo, shugabannin ikilisiyoyi suka taru a Kartaj. Suka ce a duba maganar kowa shi kaɗai. Wanda ya sayi takarda, in ya tuba, a karɓe shi. Wanda ya yi hadaya da hannunsa ya zauna cikin tuba da azumi da sadaka, in ajali ya matso a karɓe shi kafin ya cika. Ba su rena laifin ba, amma sun ƙi rufe ƙofar da Yesu bai rufe ba, gama Bitrus ma ya yi musunsa sau uku a dare ɗaya, bayan tashinsa kuwa Yesu ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Karniliyus, sabon shugaban Roma, ya yarda da su. Nobatiyan ya ware, jama'arsa ta daɗe ɗaruruwan shekaru.

Disiyus ya mutu a yaƙi a 251. Annoba ta shigo Kartaj, aka kuma ji ƙishin-ƙishin sabon tsanani. Kafin 253 ta ƙare shugabannin suka sake taruwa, suka ce duk wanda ya tsaya cikin tuba a karɓe shi yanzu, domin ba a aika mutum fagen fama da yunwa. Sa'ad da aka kama Karniliyus, Kifriyanus ya rubuta masa yana murna, gama da yawa cikin waɗanda suka fāɗi dā sun tsaya tare da shi, ba su ja da baya ba. Karniliyus ya mutu a inda aka kore shi a 253.

Kifriyanus da aka yi wa gorin gudu, a zamanin Kaisar Baleriyan bai gudu ba. Aka sare kansa a Kartaj ran 14 ga Satumba, 258, jama'arsa suna tsaye suna gani.