Daga Ina Sunan Gwanja Ya Shigo Gidanmu?

Mai karatu, in ka taɓa kwanciya a asibiti a ƙasar nan ka san kowace nas tana da ɗan kati maƙale a ƙirji mai ɗauke da sunanta. A ƙarshen nawa an rubuta Gwanja. Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a Birmingham, kuma babu irin karatun da ban ji an yi wa sunan nan ba. Turawa su yi ta kokawa da shi har su haƙura su kira ni da sunana na farko. 'Yan Najeriya kuwa tambayarsu ɗaya ce: "Ke 'yar'uwar Ado Gwanja ce?" A'a, ban haɗa komai da mawaƙin ba, ko a hanya ban taɓa ganinsa ba. A firamare ma "gwanjo" yara suke ce min, in koma gida ina kuka.

Wani dare cikin hunturu aka kawo mana wani dattijo ɗan Ghana. Ina ɗaura masa abin awon jini sai ya ƙura wa katin nan ido, ya ce min da Hausa, irin tasu ta Zango da ba ta raba mace da namiji: "Kai ɗan Gwanja ne?" Na ce, "Baba, ni Bakanuwa ce." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "A Salaga aka yanke min cibiya. Sunan ƙasarmu ne ka rataya a wuya." Na tashi aiki da asuba, na hau bas zuwa gida a Handsworth, maganar tana ta yi min yawo a kai. Daga nan na fara bibiya. Abin da na samo shi ne zan ba ka, da daɗinsa da ɗacinsa.

Gwanja dai ƙasa ce a arewacin Ghana ta yau, Turawa suna rubuta ta Gonja. Mahaya dawakai daga wajen Mali suka kafa sarautarta a ƙarni na 16, kuma sarkin da aka fi ambata a tarihinsu shi ne Ndewura Jakpa. Har gobe suna da babban sarki, Yagbonwura, yana zaune a Damongo. Mutumin can, Bahaushe ya ce masa Bagwanje, in suna da yawa Gwanjawa.

Alaƙarmu da su ta daɗe. Kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, kuma a zamanin Yakubu da ya biyo baya fataken can suka fara zuwa Katsina. Me ake zuwa nema a wannan uwa duniya? Goro.

Abin mamaki, goro ba ya fita a Gwanja. A kurmin Asante yake fita, can kudu. Amma a ƙarni na 18 Asante ta ci Gwanja da yaƙi, daga baya kuma sarakunan Kumasi suka hana baƙin fatake kutsawa cikin kurmi, suka ce a tsaya a Salaga, nan za a kawo goron. Shi ke nan sai Salaga ta zama mahaɗa, goro kuma ya ɗauki sunan kasuwar da ake sayo shi. Ka lura ma, har yau Yarbawa suna kiran irin goron da muke ci "obi gbanja". Gwanjar ce dai ta shiga bakinsu.

Tafiyar ba ta wasa ba ce. Ayari yakan tashi bayan an kau da amfanin gona. Madugu shi ne uban tafiya, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Daga Kano a nufi yamma, a ratsa ƙasar Sakkwato ko Yawuri, a haye Kwara, a shiga Bargu, a bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango, a faɗa Yendi, sannan Salaga. Watanni ake yi a hanya, zuwa da dawowa kan cinye kusan shekara. Kowane sarki aka ratsa ƙasarsa sai an biya shi, kowane kogi sai an ba da kuɗin fito, ga 'yan fashi a daji. Jakuna suna tafiya da kanwa da baƙin yadi na Kano da jemammiyar fata da gabu, su dawo da huhunan goro. A 1826 Bature Clapperton ya gamu da ayari irin wannan a Kayama yana dawowa daga Gwanja, maza da mata fiye da dubu. Barth kuma, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta goron da ke shigowa birnin a shekara ya haura kayan jaki 500. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka fi shahara da wannan fatauci.

Abin da ya fi burge ni, wataƙila don aikina ne, shi ne yadda ake kula da goron. Ɗanye ne, ba ya son zafi, ba ya son bushewa, ga tsutsa. Sai a riƙa kwance huhu a hanya, a duba ɗaya bayan ɗaya, a fitar da wanda ya fara lalacewa kada ya shafa wa sauran, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a ɗaure. Wallahi jinya ce sosai, irin zagayen da muke yi wa marasa lafiya cikin dare. Inda ayari ya yada zango kuwa, wasu sai su ƙi tashi, su yi aure, su gina masallaci. Asalin unguwannin da ake kira Zongo ke nan a Kumasi da Accra da sauran garuruwan Ghana.

Abu uku suka kashe hanyar. A 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Wolseley suka ƙone Kumasi, Gwanja ta yi wa Asante tawaye, Asante kuma ta karkatar da goronta zuwa Kintampo da wasu kasuwanni. A 1892 yaƙin basasa kan sarauta ya tarwatsa Salaga, mutanenta suka watsu. Cikinsu har da babban malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. Na uku, layin dogo ya iso Kano a 1911. Goro ya koma hawa jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa ya kawo shi arewa cikin 'yan kwanaki. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka fara gane wannan sabuwar hanya. Daga baya aka dasa goron a ƙasar Yarbawa, wajen Agege da Shagamu, jaki ya huta.

To, yaya aka yi sunan ƙasa ya zama sunan gida? Ka san mu Hausawa da can ba mu da sunan da ake gada daga kaka zuwa jika. Akwai sunan yanka, akwai sunan rana irin su Ladi da Ɗanjuma, akwai laƙabin da ake sa wa yaro don uwa tana kunyar faɗin sunan mijinta ko surukinta. In ana son bambancewa sai a jingina mutum da ubansa, ko sana'arsa, ko garinsu. Boko ne ya zo da gurbi biyu a rajista. 'Yan makarantar Katsina da takwarorinsu da yawa suka cike gurbi na biyu da sunan gari: Sardauna yana ɗalibi Ahmadu Raba ake ce masa, ga Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga Aminu Kano, ga Shehu Shagari. Wasu ƙasashen ma doka aka yi: Tailan a 1913, Turkiyya a 1934, Laos a 1943 lokacin tana hannun Faransa. Mu babu doka, malamin aji ne kawai da alƙalaminsa. Ranar da aka kai mahaifina makaranta aka tambayi wanda ya rako shi, "Ɗan wane gida ne?" Ya ce, "Gidan Ɗan Gwanja." Malam ya rubuta Gwanja. Shi ke nan fa.

Shi ya sa in ka haɗu da masu wannan suna biyu, kada ka ɗauka dangi ne. Sunan yana nuna wuri ne. Wani kakansa ya je fatauci ya daɗe, wani a can aka haife shi iyayensa suna kan hanya, wani kuma yana cikin waɗanda suka dawo gida bayan gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana a 1969. Kuma shi ya sa sunan bai da yawa. Laƙabi ne, yawanci da mai shi ake binne shi, sai wanda rajista ta kama kafin ya ɓace. Ko a gidanmu, 'ya'yan yayyena sunan ubanninsu suke sawa a makaranta, ɗan ƙanena da ke Manchester ma haka. 'Ya'yana sunan babansu suke ɗauke da shi. In ka duba takardun zuriyarmu kaf, mu uku muka rage da Gwanja, ni ce ƙarama.

Ni dai na tashi da labarin cewa kakan kakanmu madugu ne, shi ya jawo mana sunan. Da shi nake taƙama. Da 'yata ta zo da aikin makaranta kan tarihin iyali, sai na ce bari in kira Gwaggo a Kano, yayar mahaifina, ita kaɗai ta rage a cikinsu, ta cika mana labarin madugu. Na ce, "Gwaggo, sau nawa ya je Gwanja ne?" Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya ce miki sunansa ne? Shi ai Madugu kawai ake ce masa. Sunan na matar ne."

Ga abin da ta ji daga bakin kakanta. A tafiyarsa ta ƙarshe Madugu ya dawo da goro, ya kuma dawo da yarinya da ya saya a kasuwar Salaga. Tana da zane a fuska irin wanda ba a san shi ba a unguwar, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Matan gida suka riƙa ce mata Ta Gwanja. Ya yi ƙwarƙwara da ita, ta haifi ɗa namiji, aka riƙa kiransa Ɗan Ta Gwanja don a raba shi da 'ya'yan matan aure. Yau da gobe "Ta" ɗin ya faɗi. Gwaggo ta ce kakan nata ya gaya mata uwarsa har ta mutu ba ta cin goro, kuma in tana niƙa takan yi wata waƙa da harshen da ba mai ganewa a gidan. Sunanta na yanka bai iso Kano ba. Na ce, "Gwaggo, me ya sa ba a taɓa gaya mana ba?" Ta ce, "Wa zai aurar da 'ya yana cewa jikar baiwa ce? Yanzu kam duk kun yi aure."

Na ajiye waya na zauna a kicin, na daɗe ban motsa ba. Don na riga na karanta, na dai tsallake wurin ne kamar yadda muke yi. Salaga kasuwar goro ce, kuma tana cikin manyan kasuwannin bayi na Afirka ta Yamma. Rijiyoyin da ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa suna nan har yau, baƙi na zuwa gani. A shekarun 1880 mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu sun yi ta kai hari ƙasar Gurunsi, a arewacin Ghana da kudancin Burkina Faso na yau, kuma da yawan waɗanda suka kama a Salaga aka sayar da su. Lissafin shekarun gidanmu ya faɗa daidai wannan lokaci. Ayarin da nake alfahari da shi, wanda ake kwance huhu ana yayyafa wa goro ruwa kada ya wahala, a cikinsa yarinyar nan ta tako a ƙasa tun daga Salaga har Kano.

Garin da nake zaune ma yana da hannu a tsohon cinikin. A ƙarni na 18 Birmingham ta ƙera bindigogi masu yawa da ake kaiwa gaɓar Afirka ta Yamma ana musaya da mutane, kuma bindigar bakin teku ce ta ba Asante ƙarfin cin ƙasashen arewa irin su Gwanja. Ɗaya daga cikin manyan maƙeran, Samuel Galton, yana cikin masanan da kan taru a Soho House, gidan Matthew Boulton, wanda ke nan Handsworth, tafiyar 'yan mintuna daga ƙofata. Na sha wucewa ta gabansa da kayan cefane.

'Yata ta tambaye ni, "Umma, to me zan rubuta?" Na ce ta rubuta su duka biyun, madugun da matar, don jininsu duka yana jikinta. Ba mu ne farkon gidan da sunan mace ya riƙe ba, Ɗantata ma daga Tata ya samo nasa, matar da ta raine shi. Ta rubuta, ta kuma zana taswira da jan biro daga Salaga zuwa Kano.

Dattijon nan an sallame shi tun kafin in san duk wannan, ban ƙara ganinsa ba. Da zan gan shi da na ce, "Baba, ashe gaskiyarka." Ranar Juma'ar da ta biyo bayan hirarmu da Gwaggo na aika kuɗi gida aka yi abincin sadaka, aka yi wa Ta Gwanja addu'a da sunan da muka san ta da shi. Gwaggo ta ce a saninta wannan ne karo na farko. Na ce kada a raba goro.

Kai ma mai karatu, in akwai wani suna a takardunka da ba ka san inda ya fito ba, kuma akwai tsohuwa ɗaya da ta rage a gidanku, ka kira ta yau. Ka tambaye ta, in ta yi shiru kada ka katse ta. Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda ba mu sani ba.